Bakteriyar da aka rubuta wa umarni: za ta iya maganin alajin gyaɗa da madara?

A Randagi, kamar sauran garuruwan ƙaramar hukumar Birnin Gwari, da wuya rana ta fito ta faɗi mutum bai ci wani abu mai gyaɗa ba. In bai sha kunun gyaɗa da safe ba, zai gamu da ita a ƙuli-ƙulin kwaɗon zogale, ko a miyar taushe, ko a yajin tsire da dare. Nono kuwa ga shi nan a ƙwaryar Fulani. Har abincin nan na leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti, Plumpy'Nut, gyaɗa ce da madarar gari da sukari da mai. To gyaɗa da madara suna sahun gaba cikin abincin da ke tayar wa wasu mutane alaji, abin da ake kira borin jini idan ya fito a fata. Ga yawancin masu shi, ƙaiƙayi ne da kumburi na 'yan awoyi. Ga wasu kaɗan, cokali ɗaya ya isa ya shaƙe musu numfashi.

Har yau babu ƙwayar da mutum zai haɗiya ya rabu da matsalar gaba ɗaya. Amma sama da shekara 20 ke nan wasu masu bincike na bin wata hanya da za ta burge duk mai sha'awar rubuta manhaja: su ɗauko bakteriya irin wadda ke mayar da madara nono, su ƙara mata umarni a cikin DNA ɗinta, a sha ta, ta isa hanji ta lallashi garkuwar jiki ta daina faɗa da abinci. Dabarar ta yi aiki, amma sai an duba a jikin wa ta yi.

Laifin na garkuwar jiki ne

Duk wanda ya taɓa sa antibairos a waya ko kwamfuta ya san halinsa. Wani lokaci sai ya cafke fayil mai lafiya lau ya ce cuta ce, ya kulle shi. Alaji haka yake. Gyaɗar ba guba ba ce, garkuwar jikin mutumin ce ta rubuta wani furotin da ke cikinta a jerin abokan gaba.

Da farko ba a ganin komai. Jiki yakan ƙera wasu 'yan sintiri da ake kira IgE, su je su manne a jikin wasu ƙwayoyin halitta da ke fata da hanji da hanyar numfashi, waɗanda ke cike da sinadarin histamin. Ranar da furotin ɗin ya sake shigowa, IgE su gane shi, ƙwayoyin su zazzage abin da ke cikinsu. Daga nan ƙaiƙayi, kumburin leɓe da ido, da amai. Idan abin ya game jiki, maƙogwaro ya kumbura, ƙarfin gudun jini ya faɗi, mutum ya sume. Likitoci na kiran wannan anafilaksis, kuma cikin mintoci yake faruwa.

Sai dai ba duk wanda abinci ya ɓata wa ciki ke da alaji ba. Wanda cikinsa ke ƙugi in ya sha ɗanyar madara, galibi sinadarin da ke narkar da sukarin madara ne ya ragu masa bayan yaye, abin da ke faruwa ga mafi yawan manyan mutane a duniya. Fulani makiyaya da dama suna riƙe da wannan sinadari har tsufa, kuma tun 1971 wani bincike a Najeriya ya nuna bambancinsu da wasu ƙabilu kan haka. Irin wannan mutum yakan sha nono ko kindirmo da sauƙi, domin bakteriya ta riga ta cinye wani ɓangare na sukarin. Mai alajin madara kuwa nono ma ba ya ƙyale shi, tun da furotin ɗin yana nan. Gyaɗar da ta yi funfuna ita ma wata magana ce daban: gubar aflatoksin ce, hanta take yi wa illa.

Gwajin jini ma yana iya ruɗar mutum. A wani bincike da aka wallafa a 2013 kan 'yan makaranta sama da 1,000 a Ghana, kashi 17.5 cikin 100 an samu IgE na gyaɗa a jininsu, amma kashi 1.5 kacal aka ce gyaɗa na damunsu. Masu binciken sun alaƙanta abin da tsutsar tsargiya: jiki ya ƙera IgE don wani sukari da ke jikin tsutsar, gyaɗa kuma tana da mai kama da shi. Saboda haka takardar dakin gwaji kaɗai ba hujja ba ce ta hana yaro gyaɗa, musamman a wurin da ita ce furotin mafi araha.

Abin da ke cikin hanjin ɗan ƙauye

Kalmar "ƙwayoyin cuta" ta cuci bakteriya, domin mafi yawansu ba sa jawo cutar komai. Ƙiyasin 2016 ya ce jikin babban mutum na ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, ƙwayoyin halittar jikin nasa kuma kusan tiriliyan 30. Akasarinsu a babban hanji suke zaune, suna cin dusa da ɓawon abincin da ciki ya kasa narkarwa.

A 2010 wasu masana daga Italiya sun kwatanta bayan gidan yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso da na yaran birnin Florence. Yaran Boulpon gero da dawa da wake da ganye suke ci, kusan abin da ke tukunyar Randagi. An samu hanjinsu ya fi yawan nau'o'in bakteriya, ya kuma fi yawan wasu sinadarai da bakteriyar ke fitarwa in ta ci dusa. Ɗaya daga cikinsu shi ne butiret, mai warin man shanun da ya lalace, kuma daga sunan man shanu na Turai ya samo sunansa. Warin ba daɗi, amma aikinsa babba ne: shi ne abincin bangon hanji, yana kuma ƙara yawan wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira Treg, masu aikin raba faɗa da cewa wannan baƙon ba maƙiyi ba ne. Binciken da ya gano su ne ya ci kyautar Nobel ta likitanci a 2025.

Cathryn Nagler ta Jami'ar Chicago a Amurka ita ta ɗaure wannan da alajin abinci. A 2014 tawagarta ta nuna cewa ɓerayen da aka raina ba bakteriya a cikinsu, ko aka ɗura musu maganin antibayotik suna ƙanana, sun fi saurin kamuwa da alajin gyaɗa, kuma da aka mayar musu da wani rukunin bakteriya mai suna Clostridia sai suka samu kariya. A 2019 suka ɗebo bakteriyar hanjin jarirai masu lafiya da ta jarirai masu alajin madara suka zuba wa ɓeraye. Waɗanda suka samu ta masu lafiya ba su yi anafilaksis ba da aka ba su madara. Har suka ware guda ɗaya, Anaerostipes caccae, wadda ita kaɗai ta ba da kariyar.

A Najeriya ma an leƙa. Funmilola Ayeni, tana Jami'ar Ibadan a lokacin, da abokan aikinta sun wallafa bincike a 2018 kan Bassawan karkara da mazauna birni, a 2019 kuma kan Fulani makiyaya, duka biyun sun nuna hanjin ɗan karkara da na ɗan birni ba mazauna ɗaya gare su ba. A Afirka ta Kudu, inda aka gwada ƙananan yara ta hanyar ba su abincin a gaban likita, an samu kashi 2.5 cikin 100 na yaran birnin Cape Town da alajin abinci, na karkarar Eastern Cape kuma kashi 0.5.

Wannan ba ya nufin zaman ƙauye magani ne. Hanjin da ke da yawan bakteriya masu amfani shi ne kuma ke fama da gudawa da tsutsar ciki saboda ruwan sha. Amma akwai abin lura: abin da ake kashe miliyoyin daloli a mayar wa yaran birni, wani ɓangarensa tuwon dawa da kunu da miyar kuka na ciyar da shi kyauta. Kuma abin da ya fi saurin share shi shi ne antibayotik ɗin da ake saya wa jariri a kemis duk lokacin da ya yi mura, ba tare da likita ya rubuta ba.

Yadda ake rubuta wa bakteriya umarni

Kwamfuta da 0 da 1 take aiki, DNA kuma da haruffa 4: A, T, G, C. Wani tsagi na haruffan nan yana ɗauke da umarnin ƙera furotin guda. A gabansa akwai wani guntun tsagi da ke zaman makunni, shi ke cewa a kunna ko a kashe, daidai da "idan kaza ya faru, to yi kaza" a wurin mai rubuta manhaja. Haruffan iri ɗaya ne a jikin mutum da na bakteriya, shi ya sa za a iya kwafo umarni daga mutum a liƙa mata ta karanta. Stanley Cohen da Herbert Boyer suka fara dasa wa bakteriya baƙon DNA a 1973, zuwa 1982 kuma an fara sayar da insulin ɗin masu ciwon sukari da bakteriya ta ƙera. Almakashin CRISPR da ake yanka DNA da shi yanzu, a jikin bakteriyar yogot aka tabbatar da aikinsa a 2007, a kamfanin Danisco.

Bambancin shi ne insulin a tanki ake ƙera shi a tace a zuba a kwalba. A nan ana so masana'antar da kanta ta shiga cikin mutum. Wanda ya buɗe wannan ƙofa shi ne Lothar Steidler na Jami'ar Ghent a Beljiyam. A 2000 ya ɗauko Lactococcus lactis, bakteriyar da ake yin cuku da ita, ya sa mata umarnin ƙera IL-10, saƙon da jiki ke aika wa garkuwarsa cewa ta kwantar da hankali. Ɓeraye masu kumburin hanji suka samu sauƙi. Amfanin dabarar a fili yake: in allura aka yi, saƙon zai zagaye jiki duka, in kuma an haɗiye shi ruwan ciki zai narkar da shi, amma bakteriya za ta kai shi ƙofar gidan da ake nema. A 2007 masu bincike a Geneva suka ba ƙananan ɓeraye irin wannan bakteriya kafin su jawo musu alajin furotin ɗin madara, sai IgE ɗinsu ya ragu, anafilaksis ma ya yi sauƙi.

Wasu sun bi ta wata hanya. Maimakon saƙon lallashi, sai su sa bakteriyar ta ƙera shi kansa furotin ɗin da jiki ya tsana, kaɗan-kaɗan, har garkuwar jiki ta saba da ganinsa tare da baƙon da ta yarda da shi. A Faransa an yi haka da furotin ɗin madara a 2005, a China kuma da Ara h 2, ɗaya daga cikin furotin ɗin gyaɗa mafi tayar da alaji, a 2014.

Duk waɗannan a ɓeraye ne, kuma galibi rigakafi aka gwada, wato an ba da bakteriyar kafin alajin ya kama. Kawo yanzu babu hukumar magunguna a duniya da ta amince da wata bakteriya da aka sauya wa DNA a matsayin maganin alajin abinci.

Da aka zo kan mutane

Bakteriyar Steidler ta shiga cikin mutane 10 masu cutar hanji ta Crohn a Holan, sakamakon ya fito a 2006: ba ta cutar da kowa ba. Da aka yi gwaji mafi girma a kan masu wani kumburin hanjin, ba ta nuna amfanin da ake nema ba. Kamfanin Synlogic na Amurka ya kai tasa har matakin gwaji na 3 don wata cutar gado mai suna PKU, yana amfani da E. coli Nissle, wadda aka samo a 1917 daga cikin wani sojan Jamus da gudawa ba ta kama ba alhali ta kwantar da abokansa. A Fabrairun 2024 kamfanin ya dakatar da gwajin, ya sallami kusan duk ma'aikatansa, domin alƙaluma sun nuna da wuya maganin ya kai inda ake so.

Labarin da ya fi koyarwa daga Ostareliya yake, duk da bakteriyar da aka yi amfani da ita ba a taɓa DNA ɗinta ba. Mimi Tang ta birnin Melbourne ta haɗa garin gyaɗa da ake ƙara yawansa a hankali da Lactobacillus rhamnosus, aka ba yara tsawon wata 18. A sakamakon 2015, kashi 82 cikin 100 sun iya cin gyaɗa bayan an daina maganin, waɗanda aka ba maganin wofi kuma kashi 4 ba su cika ba. Jaridu suka ɗauka. Amma gwajin na da giɓin da duk mai neman matsala a manhaja zai gane: an canza abu biyu a lokaci ɗaya, to wanne ne ya yi aikin? A 2022 aka maimaita da yara 201, aka ware rukunin da garin gyaɗa kaɗai aka ba su. Masu bakteriya kashi 46 suka yi nasara, marasa ita kashi 51. Abin da bakteriyar ta ƙara shi ne rage ciwon ciki a lokacin shan maganin.

Dalilan wahalar ba ɓoyayyu ba ne. Manhaja tana zama yadda aka rubuta ta, bakteriya kuwa tana rabuwa biyu tana kwafar kanta, kwafin kuma yakan zo da kuskure. Umarnin da aka ɗora mata kaya ne mai cin ƙarfi kamar manhajar da ke shan batir, don haka duk wadda ta yar da shi sai ta fi 'yan uwanta saurin yaɗuwa. Ga hanji cike da 'yan gida da ba sa ba baƙo wuri, Lactococcus kwana kaɗan take yi ta fice. Sannan babu wanda zai iya cewa ga adadin maganin da ta ƙera yau a cikin wane. Bakteriya kuma suna tura wa juna guntayen DNA kamar yadda ake tura fim ta Xender, har tsakanin waɗanda ba jinsi ɗaya ba.

Wannan na ƙarshe ya sa dole a yi mata makulli. A 2003 Steidler ya cire umarnin da bakteriyar ke ƙera timidin da shi, sinadarin da ba ta iya kwafar DNA sai da shi, ya dasa na IL-10 a gurbinsa. A dakin gwaji ana ba ta timidin, in ta fita ta rasa shi sai ta mutu. A garin da rijiya da masai ba su da nisa da juna, wannan makulli ba ƙaramar magana ba ce.

Inda bakteriya ta fi nuna bajinta zuwa yanzu shi ne gani, ba warkarwa ba. A 2018 injiniyoyin MIT sun haɗa wani kafso mai ɗauke da E. coli da aka rubuta wa umarnin ta yi haske in ta ji jini. Ƙaramar na'ura a cikin kafson ta auna hasken ta aika wa wayar Android. A cikin aladu aka gwada, ya kuma gano zubar jinin ciki.

Kafin ya iso Randagi

Najeriya na da hukumar da irin wannan zai bi ta hannunta, NBMA, wadda aka kafa a 2015 don kula da halittun da aka sauya wa DNA, sai NAFDAC ta ɓangaren magani. Jihar Kaduna ma ba baƙuwar harkar ba ce: waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa, da aka saki a 2019, daga cibiyar binciken noma ta IAR a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya ya fito, kuma umarnin da ke cikinsa daga wata bakteriyar ƙasa aka kwafo shi. Amma magani mai rai yakan buƙaci sanyi daga masana'anta har bakin mai sha, abin da allurar rigakafi ma ke fama da shi a karkara.

Don haka duk wanda ya ga tallan "furobayotik mai maganin alaji" a Facebook ko TikTok ya riƙe kuɗinsa. Abin da ke cikin kwalbar, in ma yana raye, bakteriya ce ta gama-gari, kuma lambar rajista ba shaidar warkar da alaji ba ce. Bakteriya mai amfani ma tana iya zama haɗari ga mai rauni: a 2023 hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗi kan ba bakwaini furobayotik bayan mutuwar wani jariri. Abubuwan da FDA ta amince da su biyu ne, garin gyaɗa na Palforzia a 2020 da allurar Xolair a 2024, kuma dukansu rage haɗarin cin abincin bisa kuskure suke yi.

Abin da ke ceton rai a anafilaksis shi ne allurar adirenalin a naman cinya, da wuri. Piriton na rage ƙaiƙayi, amma ba ya buɗe maƙogwaron da ya kumbura. Birnin Gwari na da nisan sama da kilomita 100 daga Kaduna, daga Randagi kuma sai an yi tafiya kafin a kai babban asibitin garin, a hanyoyin da rashin tsaro ya daɗe yana wahalar da matafiya. Gidan da ke da yaron da leɓensa ke kumbura in ya ci gyaɗa ko ƙwai ko kifi, gara su tambayi asibitin da ya fi kusa tun yanzu ko akwai adirenalin a ajiye. In abin ya taso a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ya gagara a bar shi a zaune, kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya. Waya ma na da aikinta a nan: hoton kumburin da lokacin da ya fara da abin da aka ci zai taimaki likita, tun da kafin a isa asibiti fatar kan koma daidai.

Sai batun jarirai. Shekaru da dama ana gaya wa iyaye a Ingila da Amurka su hana ƙananan yara gyaɗa. Gideon Lack na Landan ya lura alajin gyaɗa ya ninka kusan sau 10 a yaran Yahudawan Ingila a kan na Isra'ila, inda jarirai ke tsotsar wani abin ƙwalama na gyaɗa mai suna Bamba. Gwajinsa na jarirai 640 da aka wallafa a 2015 ya nuna fara ba da gyaɗa da wuri ya rage alajin da kusan kashi 80 cikin 100, shawarar likitoci ta juye. Kunun gyaɗar da uwa ke fara ba jariri bayan wata 6 na nono zalla yana kan wannan layi. Gyaɗa guda-guda dai ba a ba ɗan ƙasa da shekara 5 saboda shaƙewa, jaririn da fatarsa ke yawan bushewa da ƙuraje masu ƙaiƙayi kuma sai likita ya gan shi kafin cokalin farko.